Artabun Mudassiru a Garejin Alhaji Dayyabu

Da sunan Allah Mai rahama muke buɗe wannan tarihi, sannan mu fara da nasaba, domin ba a jefo sunan sadauki tsakiyar labari kamar wanda aka tsinto a tasha. Shi ne Mudassiru ɗan Ƙasimu, Ƙasimun nan da ya je wa maƙwabcinsa ta'aziyya ya yi ta jero kalaman haƙuri har mai makokin ya share hawayensa ya koma ba shi haƙuri. Shi kuwa Ƙasimu ɗan Barau ne, wanda aka tura da gudu ya shaida wa mai gari wuta ta kama rumbunsa, ya isa ya durƙusa, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da dabbobi da labarin damina, bai iso kan maganar wuta ba sai da mata suka fara ɗibar toka. Barau kuma ɗan Tanko Mai Shimfiɗa ne, tushen gidan kuma ginshiƙinsa, wanda baƙo ya tambaye shi hanyar kasuwa da hantsi, ya samu cikakkiyar amsa daidai lokacin da mahauta ke wanke wuƙaƙensu. Zuri'a ce mai albarka wadda ba ta taɓa zagin kowa ba, ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba, kuma ba a taɓa samun mahalukin da ya tashi daga gabanta ya san abin da aka ce masa ba.

Mudassiru! Zakin gabatarwa, giwar shimfiɗar zance! Kogi mai kwana-kwana, wanda ya shige ka da ƙuruciya ya fito da furfura! Garkuwar ladabi, sulken tawali'u, mai zuba kwandon kalmomi a inda ɗaya ta isa! Malamin adabi ne a wata makarantar sakandare a Malumfashi, ya haɗiye littattafai har sun fara fito masa ta baki, kuma ya shahara da tausasa gyara. Idan ya kira ɗalibi zai gaya masa yadda aikinsa ya kasance, ɗalibin kan fito yana murmushi, ya je gida ya ci tuwo ya kwanta, sai washegari wajen wanke fuska zai fara zargin cewa faɗuwa aka ce ya yi.

Sai Allah ya jarrabi wannan bawa da so. Wayyo so, mai mayar da malami ɗalibi, mai sa namiji ya goge takalmi ɗaya har ya manta ɗayan! Lubabatu sunanta, autar Alhaji Dayyabu, tana karatun aikin jinya, idonta kamar an wanke shi da ruwan sama na farko, bakinta kuwa ba ya ajiye magana ta kwana. Ta amince da Mudassiru, ya amince da ita, abin da ya rage shi ne mahaifinta ya furta kalmar nan da kowane saurayi ke mafarkinta: ka turo manyanka. Amma watanni suka yi ta shuɗewa, Mudassiru na zuwa gaisuwa yana komawa, kalmar ba ta fito ba.

Shi Alhaji Dayyabu tsohon jami'in gandun daji ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana korar masu sarar itace da murya kaɗai, mutum mai kwarjini wanda garinsu ya shaida yadda yake sallamar masu neman 'ya'yansa. Akwai wanda ya gaishe shi daga kan babur bai kashe ba, aka ce ya ci gaba da tafiyarsa tun da yana sauri. Akwai wanda ya ɗaga kai ya dube shi ido cikin ido, har yau yana can yana neman mata a Funtuwa. Da Mudassiru ya nazarci tarihin waɗannan da suka faɗi a fagen fama, sai ya yanke hukunci cewa ladabi ne makamin, kuma duk jinkirin da ake yi masa alama ce ta cewa nasa ladabin bai cika ba. Don haka kowane zuwa sai ya ƙara wa gaisuwarsa tsawo, ya ƙara wa muryarsa laushi, ya ƙara kusantar ƙasa, har ya kai idan ya tsuguna a gaban Alhaji sai an duba da kyau ake rarrabe shi da buta.

Ranar da za mu ba da labarinta, Lubabatu ta aiko masa cewa Baba ya ce ya zo bayan la'asar, yana son jin magana daga bakinsa. Kowa ya san ma'anar wannan kira: ko a buɗe masa ƙofa, ko a nuna masa hanya. Sadauki ya yi wanka, ya ɗaura sulkensa na farin yadi mai gugar gawayi, ya kafa kwalkwalinsa na hular zanna, ya fesa turaren da sai da kajin gidansu suka yi atishawa, ya ɗauki makaminsa mafi kaifi, wato jawabin da ya tsara a ransa mai gabatarwa da godiya da addu'a da tarihin dangantakar gidajen biyu, ya nufi filin daga yana maimaitawa a hanya, masu babura na kauce masa.

Bai tarar da tabarma a shimfiɗe ba. Mota ya tarar.

Domin kuwa Alhaji, da ya ajiye aiki, ya ƙudura sai ya koyi tuƙi kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Ya koya, ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka mai tari kamar ta kwana a ɗakin hayaƙi, ya sa aka fasa katangar gidansa aka yi mata gareji, wani dogon lungu mai rufin kwano tsakanin bangon ɗakinsa da bangon maƙwabci. A bakin lungun akwai ginshiƙai biyu na siminti da bishiyar gwanda a gefe, a can ƙuryarsa kuma, inda ya buɗe zuwa tsakar gida, akwai randar matarsa Hajiya Turai. A wannan yammaci ne motar za ta shiga ɗakinta karo na farko, kuma da baya za ta shiga, saboda wanda ya koya wa Alhaji tuƙi ya gaya masa cewa da ribas ake gane direban ƙwarai. Ga ta nan ta tare titi a karkace, tana huci, ta juya wa garejin ƙeya.

Mai shaida ɗaya ne a filin, Baba Sallau, abokin Alhaji tun ƙuruciya, zaune a kan benci a jikin bango. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya hangen abin da ya wuce tsawon sandarsa, amma harshensa na gani har bayan gari.

Alhaji ya leƙo ta taga ya ga Mudassiru. Ya ce, “Yawwa, Allah ya kawo ka. Koma baya ka duba mini. In na yi ba daidai ba ka faɗa.”

In na yi ba daidai ba ka faɗa! Ya ku ma'abota hankali, an taɓa ɗora wa ɗan Adam kaya irin wannan? A ce saurayi ya dubi mahaifin budurwarsa, a ranar hukunci, ya ce masa ya yi ba daidai ba? Jawabin Mudassiru ya watse daga kansa kamar tsaki a gaban kaji. Amma jinin Barau bai san gudu ba. Ya cire takalmansa ya jera su a gefen titi, ya taka ƙasa da safa, ya zagaya bayan motar, ya yi abin da kowane ɗan mutunci ke yi a gaban suruki: ya tsuguna.

Alhaji ya duba madubi bai ga kowa ba.

“Kai, kana ina?”

“Ina nan, Baba, inda ya dace da irina.”

“Inda ya dace da kai shi ne inda zan gan ka. Tashi!”

Sadauki ya tashi rabi ya bar rabi, ya ranƙwafa hannuwansa a kan gwiwa, yadda hularsa kaɗai ke leƙowa a madubi kamar jinjirin wata. Aka buga tambarin yaƙi, wato giyar mota ta yi ƙara ta shiga, motar ta yi tari ta fara ja da baya, kai-tsaye ta nufi ginshiƙin dama kamar da ma tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Mudassiru ya ga halaka na tafe, ya zare takobinsa na balaga.

“Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Madalla da wannan tuƙi, wallahi waɗanda suka tsufa a kan hanyar Legas ma ba su fi haka natsuwa ba. Sai dai kuma, idan ba za a ɗauki maganar yaro a matsayin wuce gona da iri ba, akwai wani ɗan abu ƙanƙane da zuciya ke raya mini, wanda mai yiwuwa ma kuskuren idona ne…”

Alhaji dai madalla ya ji. Zuciyarsa ta yi fari, ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur. Ƙau! Madubin gefe ya gamu da ginshiƙi, ya sunkuyar da kai, ya rataye da wata 'yar waya yana lilo, shahidin farko na wannan gumurzu.

Baba Sallau ya buga sandarsa a ƙasa. “An zubar da jini! Dayyabu, me ya karye, naka ko nata?”

Alhaji bai kula shi ba. Ya leƙo da kai. “Ba madalla ka ce ba?”

“Na ce, Baba.”

“To?”

“Akwai sauran magana a bayanta.”

“To ka riƙa kawo ta bayan a gaba.”

Aka ja da baya daga fagen, wato aka yi gaba, aka sake jan daga. A wannan karon motar ta tsallake ginshiƙin da ikon Allah, ta sa ƙeyarta cikin ƙofa, sai dai ta ɗaura niyyar gwanda. Abin da ake bukata a duniya a wannan lokaci shi ne a murɗa sitiyari hagu. Kalma ce gajeriya, jariri ma zai iya furta ta. Amma Mudassiru ya auna ta a ma'aunin tarbiyya ya ga ba ta da nauyin shiga kunnen dattijo, domin wane ɗa ne zai miƙa wa babba hagu, ko da a baki ne? Sai ya lulluɓe ta da mayafi.

“Baba, da so samu ne, da an ɗan karkata zuwa ɓangaren hannun nan da ba a miƙa wa manya kaya da shi.”

Alhaji ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwansa biyu yana dubansu, yana tuna da wanne ake miƙa kaya da wanne ba a miƙawa. Motar kuwa ba ta tsaya jiran fatawa ba. Da sadauki ya ga wannan dabara ba ta ci ba, ya koma ga babbar hikimar magabata, wadda ita ce idan za ka yi wa babba gyara ka ɗora laifin a kan wani mutum na wani gari.

“Na taɓa jin labarin wani bawan Allah a can ƙasar gabas, mai mota kamar wannan, mai gida kamar wannan, shi ma da itaciya a bakin ƙofarsa. Ran nan ya zo shiga da baya…”

Alhaji mutum ne mai son labari. Ya juyo da kunne gaba ɗaya ya ce, “Sai aka yi yaya?”

Amsar ta zo daga gwandar da kanta. Ta yi wata 'yar ƙara mai ban tausayi, ta yi jim kamar mai tunanin wasiyya, sannan ta kwanta a kan but ɗin motar da dukkan ganyenta, 'ya'yanta ɗanyu suka gangara titi ɗaya bayan ɗaya kamar kawunan mayaƙa. Wayyo gwanda, wadda ba ta tsare wa kowa komai ba, ta rayu tana ba da inuwa kaɗan da 'ya'ya da yawa, ta mutu a kan misali!

Ɗaya ta gangaro har ƙafar Baba Sallau. Ya lalubo ta ya jefa a aljihun babbar riga. “Ganima ta halatta. Dayyabu, ci gaba, in akwai mangwaro a ciki shi ma ka turo mini.”

“Abin da ya faru da mutumin gabas ɗin ke nan, Baba,” in ji Mudassiru.

Alhaji ya yi wani dogon numfashi irin wanda masu sarar itace suka sani, suka kuma san abin da ke biyo bayansa. Numfashin nan ya fi wa Mudassiru zafi a kan bulala, domin a cikinsa ya hango Lubabatu tana yi masa nisa, an ɗaura mata aure da wani mai shagon waya wanda bai taɓa karanta ko bangon littafi ba. Ya ja gawar gwandar gefe, ganye ya manne a farin yadinsa, ya koma bakin aiki ya ƙudura cewa daga yanzu zai ninka ladabi.

Nan aka shiga babban artabu, wanda masu tarihi za su kira Ja-da-bayan Lungu. Motar ta kutsa cikin garejin a karkace, gefenta na gogar bango yana fitar da kuka kamar ana wasa wuƙa, Alhaji ya riƙe sitiyari ya kafe kamar mai riƙe da ragon layya, shi kuwa sadauki, da ya ga sun shiga cikin gida inda alfarmar mai gida ta fi ƙarfi, ya koma tsugune, yana ja da baya a tsugunen kamar agwagwa, hayaƙin salansa na yi masa turare na biyu, yana jero addu'o'i ga Alhaji da iyayen Alhaji da malaman da suka karantar da Alhaji, yana neman ƙofar da zai shigo da maganar cewa an karkace, ƙofar kuwa ta ƙi samuwa, lungun yana ƙarewa, bamba tana matsowa, har ya ji wani sanyi ya taɓa masa gadon baya.

Randar ce. Randar Hajiya Turai, wadda ta gada daga mahaifiyarta, aka kawo ta gidan tun ranar da aka kawo ita Hajiyar, an binne gindinta cikin yashi mai laima, cike take da ruwa, ƙarti ma sai sun yi shawara kafin su motsa ta. Duk unguwar an san ba a shan ruwan da ya kai nata sanyi, an kuma san Hajiya ta fi yarda a taɓa mata zinariya a kan a taɓa ta. Ita Hajiyar ta tafi barka, ba ta san an kawo yaƙi ƙofar taskarta ba.

Labulen tagar da ke kallon lungun ya motsa. Lubabatu ce. Budurwa ba ta ɗaga murya gaban mahaifinta alhali saurayinta na wurin, don haka da raɗa ta yi magana, amma raɗar mai haƙora.

“Malam! Malam Mudassiru! Randar Inna!”

“Na ji ta a bayana, ya hasken…”

“Ajiye hasken nan tukuna. Ka ce ya tsaya!”

“Ni? In ce wa Baba ya tsaya? Da wane bakin?”

“Da wanda kake cika mini kunne da shi kullum. Wallahi randar nan ta fashe, ko Baba ya yarda Inna ba za ta yarda ba. Sai dai ka auri littattafanka.”

Ya Rabbi! Idan ya yi tsawa, ya bi sahun mai babur da mai kallon ido. Idan ya yi shiru, randa ta tafi, Lubabatu ta bi ta. Mudassiru ya ɗaga ido sama bai ga komai ba sai kwano. Ya tattara ragowar fasaharsa ya yi yunƙurin ƙarshe. “Allah ya ja zamanin Baba, kasancewar kowace tafiya tana da iyaka, kuma masu hikima sun yi ittifaƙi a kan cewa…” Salansa ta tofa masa baƙin hayaƙi har maƙogwaro. Bamba ta taɓa masa gwiwa. Randa ta yi wani ɗan ƙugi a bayansa, ruwan cikinta ya girgiza. A nan ne wani abu ya tsinke a ƙirjin jikan Barau, abin da aka ɗaure tun zamanin Tanko Mai Shimfiɗa, ya miƙe tsaye cak, hularsa ta faɗa cikin yashi, ya daki but da tafin hannu, ya buɗe baki.

“TSAYA!”

Motar ta tsaya.

Haka kawai. Ba ta nemi dalili ba, ba ta tambayi gabatarwa ba. Tattabarun maƙwabta suka tashi, wata akuya a waje ta fasa tauna, Baba Sallau ya dafe gwandarsa ya ce, “Wa aka kama?” Shi kansa Mudassiru ya tsaya yana mamakin yadda kalma ɗaya tsirara, ba riga ba hula, ta yi abin da rundunar kalmominsa ta kasa tun la'asar. Giyar nasara ta hau masa kai. Ya manta ko shi wane ne, ya manta ko gaban wa yake, ya koma wani barde mai jan dakaru.

“Yi gaba! Gaba! Ya isa! Murɗa hagu! Hagunka! Duka! Ƙara! To miƙe kan! Taho! Taho a hankali! Sassauta ƙafa! Taho! Kaɗan! Tsaya nan! Kashe!”

Alhaji Dayyabu, dodon masu gatari, wanda bai taɓa karɓar umarni daga na ƙasa da shi ba, ya yi gaba da aka ce gaba, ya murɗa da aka ce murɗa, ya kashe da aka ce kashe. Motar ta shiga ɗakinta sambal, ta daidaita tsakanin bango da bango kamar an zuba ta da mazurari, tsakaninta da randa akwai wurin da kyanwa za ta wuce ba ta taɓa kowa ba. Injin ya yi tarin ƙarshe ya yi shiru.

A cikin shirun nan hankalin sadauki ya dawo gida. Ya ga kansa tsaye ƙiƙam, kai ba hula, ƙafa ba takalmi, yatsa a miƙe yana nuna mahaifin Lubabatu. Ya tuna ya ce masa hagunka. Ya tuna ya ce masa kashe. Ya zube a gindin randar, ya sunkuyar da kai yana jiran a karanta masa hukuncinsa, yana bankwana a zuci da idanun nan masu kama da ruwan sama, yana tsara baitocin da zai rubuta a kan kabarin soyayyarsa.

Alhaji ya zuro kai ta taga ya waiwayo da kyar.

“Kai, Mudassiru.”

“Na'am, Baba. Na tuba.”

“Ashe kana jin Hausa?”

Mudassiru ya rasa ta cewa, abin da bai taɓa faruwa a gidansu ba.

“Wata da watanni kana zuwa kana tsuguna mini kana karatu. Kullum ka tafi sai in tambayi uwarta, yaron nan me ya ce? Ta ce ita ma daga labule ba ta gane ba. Na rasa 'yata kake so, ko gonata, ko takara za ka tsaya. Shi ya sa na kira ka. Yanzu tun da bakin ya buɗe, kada ka bari ya rufe. Kana son Luba da aure?”

“Allah ya ƙara wa Baba…”

“Kai!”

“Ina so.”

“Ka shirya?”

“Na shirya.”

“To ka turo manyanka. In suna magana irin taka, ka haɗo su da tafinta.”

Labulen taga ya yi wata 'yar girgiza, aka ji sawun gudu zuwa cikin ɗaki da wata dariya da aka toshe da mayafi. Zuciyar Mudassiru ta tashi sama ta bugi kwanon garejin. Ya buɗe baki zai fara jawabin godiya, wanda ya ji yana taso masa tun daga tafin ƙafa da babi-babinsa, sai ya ji ƙum. Ya sake jin ƙum. Alhaji ne ke tura ƙofar mota, ƙofar na dukan bango. Ya matsa ya gwada ta ɗaya gefen, ita ma ta buɗe daidai yadda hannu zai fita ya gaisa da bango ya dawo. Maginin da ya yi garejin ya auna motar tsaf, tsawo da faɗi, bai dai tuna cewa akwai mutum a ciki da zai so fitowa ba.

Daga waje Baba Sallau ya ɗaga murya. “Dayyabu, na ji shiru. An ci garin?”

“An ci,” in ji Alhaji daga ciki. “Mudassiru, zagaya ta soro ka koma gaba ka fitar da ni, magariba ta kusa.”

Haka sadauki ya karkaɗe hularsa, ya zagaya, ya fitar da rundunar da ya shigar, aka ajiye motar a bakin titi aka sa mata dutse a taya. A nan take kwana har yau. Garejin kuwa Hajiya Turai ta zuba buhunan gawayi a ciki, ta ce da ma wurin ajiya take nema.